Ɗan yaye da abincin da babu nama: me zai cike gurbin?

A gidan hayar da muke zaune a Agege akwai yaron maƙwabciyata, ɗan shekara ɗaya da wata bakwai, wanda duk gidan an san halinsa da nama. In an ba shi tsoka sai ya karɓa da murna, ya yi ta tauna yana tsotse romon har ta yi fari fat, sannan ya zo ya tofa wa uwarsa a tafin hannu. Ran nan muna wanke-wanke a bakin famfo ta ce da ni, "Anti, yaron nan fa ban taɓa ganin ya haɗiyi nama ba. Hajiya ta kira daga Kano tana ta faɗa, wai haka zan bar shi ya tashi ba ƙwari?"

A makon ne kuma ƙanwata da ke aure a Ikeja ta turo mini wasu bidiyoyi da ta gani a intanet, ta ce ta daina ba 'yarta mai shekara biyu nama, tana ma tunanin cire ƙwai da madara. Ga kuma waɗanda ba su tambayi kowa ba, gidajen da nama ya bar tukunyarsu don tsada. Mayankar Oko-Oba tana nan kusa da mu, amma akwai ɗakunan da ake yin wata guda ba a ɗora nama ba sai in an yi suna ko biki a unguwa.

Duka ukun tambaya ɗaya suke yi: yaro mai tatata zai tashi lafiya ba tare da nama ba? Amsata ita ce zai iya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin yana ƙara nauyi gwargwadon abin da aka cire daga kwanonsa.

Abin da ya sa shekarun nan suka fita daban shi ne cikin yaro ƙarami ne, buƙatarsa kuwa babba ce. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu da ƙyar yake cinye abin da ya wuce kofi ɗaya, wato kamar mililita 250, a zama guda. Amma a ma'aunin da masana abinci na Amurka suka fitar, wanda ake amfani da shi a ƙasashe da yawa, yaro mai shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar miligiram 7 na sinadarin ƙarfe, wanda 'yan asibiti ke kira ayon, a kowace rana. Ubansa, ƙato mai kilo saba'in, miligiram 8 yake buƙata. Uban zai cinye malmala biyu ta tuwo, yaron kuwa loma biyar ya ture kwano. Saboda haka kowace loma da za ta shiga bakinsa sai ta kasance ɗauke da kaya. Darajar nama a nan take: guntu kaɗan yana tattare da ayon, da zink, da bitamin B12, da furotin mai gina jiki, duk a wuri ɗaya.

Furotin shi mutane suka fi tsoro, alhali shi ya fi sauƙin samu. Giram 13 kacal yaro mai wannan shekaru yake buƙata a rana. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, kofin madara yana da kusan 8, to ka ga an riga an wuce. Ƙosai, alale, ɗanwake, awara, miyar agushi, kunun gyaɗa, duka suna da shi, kuma idan wake ya haɗu da hatsi, kamar shinkafa da wake ko ƙosai da koko, abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana cikewa. Uwar da take ba ɗanta waɗannan ta kwantar da hankalinta ta wannan fuskar.

Inda gizo ke saƙa shi ne ayon. Shi ke haɗa jini, kuma ƙwaƙwalwar yaro tana buƙatarsa daidai lokacin da take girma da sauri. Iri biyu ne a abinci. Wanda ke cikin nama da hanta da kifi, hanji yana tsotse shi da sauƙi, kamar kashi 15 zuwa 35 cikin ɗari. Wanda ke cikin wake da ganye da hatsi kuwa, abin da ke shiga jini yakan tsaya tsakanin kashi 2 zuwa 20, ya danganta da abin da aka ci shi tare da shi. Dafaffen wake giram ɗari yana da ayon kusan miligiram biyu da rabi, wanda ba kaɗan ba ne, sai dai a cikin waken da dusar hatsi akwai wani sinadari da ake kira fayitet da ke riƙe ayon da zink ya hana su shiga jiki. Shi ya sa waɗancan masana suka ce wanda ba ya cin nama ya nemi kusan ninki biyu na ayon ɗin da mai cin nama ke nema.

Iyayenmu sun daɗe suna maganin wannan ba tare da sun san sunansa ba. Jiƙa wake kafin a dafa, tsima gero ya kwana a ruwa, barin gasara ta yi tsami, tsirar da hatsi kafin a niƙa, duk suna rage ƙarfin fayitet. Abu na biyu shi ne bitamin C, wanda ke buɗe wa ayon hanya idan an ci su a zama ɗaya. Alale da ɓarin lemon zaƙi, faten wake da tumatir da tattasai, kunu sannan yankan gwanda ko gwaiba ko mangwaro. Kayan nan ba sa yankewa a kasuwar Mile 12, kuma mafi yawan masu sauke su mutanenmu ne.

Akwai kuma abin da ke toshe hanyar, kuma shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a Legas: shayi. Da safe kowa na sauri, sai a haɗa wa yaro shayi a kofi, a tsoma masa burodin Agege, a ce ya karya. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke hana ayon shiga jini, ga sukari ya cika ɗan cikin, ga shi abin da ake zubawa da sunan madara sau da yawa garin da ke sa shayi ya yi fari ne kawai. Yaron da ba ya cin nama kuma yana karyawa da shayi kullum, an haɗa masa zafi biyu. Ita ma madarar gaske in ta yi yawa tana da nata laifin. Ayon ɗinta kaɗan ne ƙwarai, kuma tana kashe wa yaro sha'awar abinci. Likitocin yara sukan ce kada ta wuce kamar rabin lita a rana.

Kada a ɗauka wannan ƙaramar magana ce a ƙasarmu. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano cewa kashi 68 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, kashi 37 na 'yan ƙasa da shekara biyar kuma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Ba abinci kaɗai ke kawo ƙarancin jini ba, akwai zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da sikila. Amma ma'anarsa ita ce yaronmu yana fara wannan tafiya ne da ɗan guziri. Shawarar da aka rubuta don yaron Landan ko Toronto, wanda hatsin karin kumallonsa ma an ƙara masa ayon a masana'anta kuma sauro bai taɓa kwantar da shi ba, ba za a ɗauko ta ɗungurungum a ɗora wa yaron Idi-Araba ba.

Sai bitamin B12, wanda a kansa ne na kira ƙanwata muka yi doguwar magana. Wannan sinadari babu shi a tsiro ta yadda za a dogara da shi. Babu shi a wake, babu a zogale duk da yabon da ake yi masa, kuma daddawa ba madogara ba ce. Daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, ko daga magani da abincin da aka ƙara masa shi. Abin da yaro ke buƙata ɗan mitsitsi ne, bai kai maikrogiram ɗaya a rana ba. Ƙwai ɗaya yana ba shi kusan rabi, kofin madara ko kindirmo yana biya masa buƙatar yini. To amma in aka rasa shi gaba ɗaya, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa yake taɓawa. Babban mutum yana da ajiyarsa a hanta da za ta kai shi shekaru, shi ya sa uwa za ta daina cin duk abin da ya fito daga dabba ta ce ai lafiyarta ƙalau. Ƙaramin yaro ba shi da wannan ajiyar, kuma in yana shan nono, abin da ke jikin uwar ne kaɗai zai same shi. Alamomin sukan zo a hankali: yaro ya yi laushi, ya daina wasa, ya ƙi abinci, wanda ya fara tafiya ya koma rarrafe, wanda ya fara kiran "Mama" ya yi shiru. Wani lokaci ko an yi magani, ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa duka. Abin da ya ƙara wa lamarin haɗari shi ne yawan cin ganye yana iya ɓoye alamar a gwajin jini na yau da kullum, alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa.

A nan ne ya kamata a raba hanya biyu da mutane ke cakuɗawa. Yaron da ba ya cin nama amma yana cin ƙwai, yana shan nono, ko yana cin kifi, lamarinsa daban. Yaron da aka cire masa duk wani abu da ya fito daga dabba, shi ma daban.

Su kansu masana ba su haɗu a baki ɗaya ba a kan na biyun. Ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta fitar da matsaya a 2016 cewa abincin da babu nama, har da wanda babu komai na dabba, zai iya dacewa da kowane mataki na rayuwa in an tsara shi da kyau. A shekarar ce takwararta ta Jamus ta ce ba ta ba da shawarar a ɗora jarirai da yara da masu ciki a kan abincin tsiro zalla ba. A 2017 ƙungiyar likitocin ciki da abincin yara ta Turai ta ce in ma za a yi, sai a ƙarƙashin kulawar likita tare da ƙarin B12, ta kuma yi gargaɗi a kan lalacewar ƙwaƙwalwa da ba ta warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙa'idar ciyar da yara 'yan wata 6 zuwa 23 da ta fitar a 2023, cewa ta yi a ba yaro abincin da ya fito daga dabba kullum, nama ko kifi ko ƙwai. A lura da kalmar "ko" ɗin nan, don ita ce amsar maƙwabciyata. Ba a ce lallai sai nama ba.

Binciken da aka yi a kan yaran kansu ma haka ya nuna. A Toronto ta Kanada an bibiyi yara kusan dubu tara, aka wallafa sakamakon a 2022: waɗanda ba sa cin nama tsayinsu da ma'aunin jininsu sun yi daidai da na sauran, sai dai yiwuwar a same su da ƙarancin nauyi ta kusa ninka ta masu cin nama. A Jamus an duba yara 430 'yan shekara 1 zuwa 3, aka ga a matsakaici girmansu bai bambanta ba. A ƙasar Poland kuma, wani bincike na 2021 a kan yara 'yan shekara 5 zuwa 10 ya samu cewa masu cin tsiro zalla sun fi gajarta da kusan santimita 3, ƙashinsu ma bai kai na sauran ƙwari ba, kodayake kitsen jininsu ya fi kyau. Sai dai a tuna, waɗannan yara ne na ƙasashen da likita da gwajin jini da maganin ƙari suke kusa da hannu.

Ni abin da na ce wa ƙanwata shi ne, in naman ne ba ta so, ta bar shi, amma ta bar wa yarinyar ƙwanta da nononta. In kuma ta nace sai ta cire komai, to ba da bidiyo ake yin wannan ba. Sai ta je wurin likitan yara ko masanin abinci, a rubuta mata B12 na kullum, a duba batun ayon da kalsiyam da bitamin D, a riƙa auna yarinyar ana gwada jininta. Kuma ta sani kunun aya da madarar waken suya da ake haɗawa a gida ba sa tsayawa a madadin nono, komai farinsu. Wanda ba zai iya riƙe wannan tsari wata da watanni ba, ban ga dalilin da zai sa ya gwada shi a kan ɗan shekara biyu ba.

Amma gaskiya, ba irin ƙanwata ne suka fi damuna ba, don su kaɗan ne a cikinmu. Wanda ya fi damuna shi ne yaron da abincinsa babu nama ba tare da kowa ya lura ba. Koko da safe, taliyar leda da rana, tuwo da ɗan romo da dare, biskit a tsakani. In ka tambaya a ce ai yana cin nama, alhali abin da yake samu romo ne da guntun ganda. Ganda, wadda Yarbawa ke kira ponmo, ta cika tukwanen Legas don ita ce mai araha, amma fata ce. Furotin ɗinta ba mai inganci ba ne, ayon ɗinta kuma ba abin a zo a gani ba ne. Romo ma ɗanɗano ne mafi yawansa, amfanin yana cikin tsokar da manya suka cinye. Irin wannan ciyarwa ce wata likita mai suna Cicely Williams ta gani a Gana tun shekarun 1930, yaran da aka cire daga nono aka bar su da kunun masara, ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja. A 1935 ta rubuta sunan da 'yan ƙabilar Ga na Accra ke kiran ciwon da shi, kwashiyoko. Mu tamowa muke cewa, kuma har yau hanyar da take bi ta shigo gida ba ta canja ba.

To me za a zuba a kwanon? Legas bakin teku ce, kuma wannan rahama ce da 'yan'uwanmu na Arewa ba su samu kamar mu ba. Kifin titus, sadin, busasshen kifi ƙanana da ake dakawa har da ƙaya, da garin kirefish da ake sayarwa a ƙulle-ƙulle, duk suna ɗauke da B12 da ayon mai saurin shiga jiki, masu ƙayar kuma har da kalsiyam. Kifi mai maiƙo yana da irin kitsen da ƙwaƙwalwa da ido ke buƙata. Cokali ɗaya na garin kifi a cikin fate ko kunu ya fi guntun gandar nan nesa ba kusa ba. A dai tsince ƙaya da kyau in ɗanyen kifi ne aka dafa.

Ƙwai kuma, har yanzu akwai gidajen da ake hana yara shi, wai yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ta cuci yara da yawa. A ƙasar Ekwado an gwada ba jarirai ƙwai ɗaya kullum na wata shida, sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna tsumburewa ta ragu da kusan rabi. Da aka maimaita gwajin a Malawi ba a ga irin wannan bambanci a tsayi ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan da masu binciken suka kawo shi ne yaran can dama suna cin kifi. Abin da na fahimta daga nan shi ne jiki ba ya tambayar daga ina abin ya fito, in dai ya samu. A dafa ƙwan ya nuna sosai, kuma a sani ayon ɗinsa ba shi da yawa, don haka ba ya ɗauke wa wake da ganye aikinsu.

Ga kuma garin kunun da ake koya wa iyaye mata a wuraren awo, wanda ake kira tom burawun: hatsi da waken suya da gyaɗa, a soya kowanne sama-sama a niƙa tare. A dama shi da kauri, yadda zai zauna a cokali, don kunu mai tsululu ruwa ne kawai ke cika ciki. A ɗiga manja ko man gyaɗa, saboda abincin tsiro yana da yawan dusa da ƙarancin maiƙo, yaro sai ya ƙoshi bai samu ƙarfin da zai yi ƙiba da shi ba, abin da ya yi daidai da ƙarancin nauyin da aka gani a Toronto. A tsince gyaɗa da masara masu funfuna a zubar, don gubar da ke cikinsu tana cutar da hanta. Kada kuma a ba ƙaramin yaro gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya shaƙe shi, sai dai niƙaƙƙiya. Gishiri kaɗan, mai aidin. Abinci sau uku ko huɗu a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu. In yaro bai kai shekara biyu ba kuma uwa na da hali, a ci gaba da ba shi nono, kamar yadda Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku kuma likitoci suka yi na'am da hakan.

Wanda tsada ce ta raba shi da nama, hanta ta fi masa tsoka. Guntu kamar yatsa biyu, sau ɗaya a mako, a dafa a murmushe a cikin abinci, ayon da B12 da ke cikinta sun ninka na tsoka sau da yawa. Kada dai a mayar da ita abincin kullum, don bitamin A ɗinta yana da yawa ƙwarai, kuma yawansa illa ne.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye su kiyaye: kada a je kemis a sayo maganin ƙarin jini a riƙa ɗura wa yaro don an ga ba ya cin nama. A fara gwada jininsa. Mai sikila ƙarancin jininsa ba na rashin ayon ba ne, ƙarin zai iya taruwa ya cutar da shi, kuma ƙwayoyin ayon na manya guba ne in yaro ya samu ya haɗiya da yawa. A riƙa kai shi awo ana duba layin nauyinsa a kati, a karɓi bitamin A da maganin tsutsar ciki in lokacinsu ya zo. In aka ga tafin hannunsa da cikin fatar idonsa sun yi fari, ko yana cin ƙasa, ko yana saurin gajiya, ko layin katin ya kwanta wata biyu a jere, asibiti za a nufa.

Ita maƙwabciyata, da muka zauna muka lissafa abin da ɗanta ke ci, sai ga shi yana cin ƙwai kusan kullum, yana son alale da kifi, matsalarsa da nama kuwa ta tauna ce, don turamensa ba su gama fitowa ba. Shayin safe ne muka samu a matsayin ɓarakar. Ta mayar da shi kunun gyaɗa mai kauri da yankan gwanda, naman kuma in an samu tana daka masa shi a turmi ta cakuɗa a miya. Na ce mata in za ta kai shi awo na watan gobe ta nemi a duba jininsa, sannan ta kira Hajiya ta karanta mata sakamakon.